Filin Tambayi Malama: Zaɓen Monita, Ladabi, da Yaron da Ya Ce wa Abokinsa Arne

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan watan yawanci a kan yara 'yan firamare suka zo, na ɗebi guda huɗu da suka yi kusa da juna, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Kamar kullum na cire sunaye.

TAMBAYA, daga wata malamar aji huɗu a Zariya

Hajiya barka da aiki, ya gida ya jikoki. Ni sabuwar malama ce shekarata biyu da gama NCE, an ba ni darasin sibik, wato ilimin zama ɗan ƙasa, a aji huɗu kuma yara 86 ne a ajin wasu ma a ƙasa suke zama. Na koya musu ma'anar dimokuraɗiyya sun haddace tsaf da Turanci, in na tambaya su amsa baki ɗaya kamar ana biya karatu, amma wallahi in na ce wani ya faɗa min da Hausa me ake nufi sai ajin ya yi tsit. Kuma ana fita tara manyan su hau ture ƙanana suna ƙwace musu kuɗin tara. Don Allah ya zan yi abin ya shiga kansu?

AMSA

'Yata sannu da ƙoƙari, aji mai yara 86 ba wasa ba ne, Allah ya ba ki lada. Kafin na amsa bari ni ma na tambaye ki, waye monitan ajinki, kuma ya aka yi ya zama monita? Ina jin na san amsar. Kin duba wanda ya fi girman jiki ko wanda ya fi ƙoƙari kin nuna shi da yatsa, kin miƙa masa bulala da takardar rubuta sunan masu surutu. Ban ga laifinki ba, haka aka yi mana kuma ni ma shekaru na yi ina yin haka kafin na farga. To amma duba abin da yaron aji huɗu ya koya a nan ba tare da kin buɗe baki ba: mulki abu ne da na sama ke ba wanda ya ga dama, kuma amfaninsa shi ne ka rubuta sunan wanda ba kwa shiri ka tsallake na abokinka. Wannan darasin kullum yake ganinsa tun daga asambuli har a tashi, shi kuwa sibik ɗin naki sau nawa ne a sati? Dole wancan ya rinjaye shi. Tun wajen 2008 hukumar NERDC mai tsara manhajar makarantu ta sa darasin sibik a manhajar firamare, yaran da suka fara da shi yanzu sun isa jefa ƙuri'a, amma a zaɓen 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista, waɗanda suka fito kusan miliyan 25 ne kawai. Dalilan suna da yawa, amma dai hadda kaɗai ba ta fito da mutum rumfar zaɓe.

Saboda haka ki fara da monita. Ki sanar ranar Litinin cewa ranar Alhamis za a yi zaɓe, duk mai so ya fito mace ko namiji, kowa a ba shi minti ɗaya ya tsaya gaban allo ya faɗi abin da zai yi wa aji, kuma ki bari su yi da Hausa, ba jarrabawar Turanci ake yi ba. Kar ki yi musu ƙato bayan ƙato irin wanda aka yi a zamanin Babangida a farkon shekarun 1990, inda ake bin layi a bayan hoton ɗan takara, domin ƙaramin yaro ba zai iya tsayawa a layin wani ba alhali babban da ke ƙwace masa kuɗin tara yana hararar sa. Ki yayyaga takarda ƙanana, ki samo kwalin alli a matsayin akwati ki juye shi a gabansu su ga babu komai ciki, wanda bai iya rubutu ba a ba kowane ɗan takara alama, wannan tauraro wancan kifi, ya zana. In an gama a ƙirga da ƙarfi a gaban kowa, kowane ɗan takara da ejan ɗinsa a tsaye yana kallo. A nan ne za ki tambaye su, me ya sa muka nuna akwatin babu komai? me ya sa ba mu bari wani ya ga abin da ka zana ba? Za ki sha mamakin amsoshin da za su ba ki, ashe sun san maguɗi sarai, suna jin hirar manya a gida.

Abu biyu ne suka fi zaɓen kansa muhimmanci a wajena. Na farko wa'adi, monita na zango ɗaya ne, in zango ya ƙare a sake, don yaro ya gani da idonsa cewa kujera ana hawa ana sauka kuma wanda ya sauka ya koma bencinsa ba abin da ya same shi. Na biyu wanda ya sha kaye. Kar ki bari a yi masa ihu ko waƙar tsiya, ki kira shi ya miƙa wa wanda ya ci hannu, ki yabe shi a gaban aji fiye da yadda kika yabi wanda ya ci, ki ba shi wani aiki kamar kula da alli da dasta. Ina ba yara labarin wayar da Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari a ƙarshen watan Maris na 2015 tun kafin a kammala sanar da sakamako, ba don jam'iyyar kowa ba, sai don waɗanda suka ga jinin da aka zubar bayan zaɓen 2011 sun san irin wutar da wannan wayar ta kashe.

Sannan ki karɓe bulalar daga hannun monita. Aikinsa ya zama raba littattafai, tsara masu shara, da kawo miki kukan 'yan aji. Da yake ajin naki babba ne ki sa kowane layi ya fitar da wakili ɗaya, ranar Juma'a ki ware minti 15 ku zauna, wanda dasta ke hannunsa shi kaɗai ke magana har ya gama, ke ma sai kin karɓi dastar. Maganar ƙwacen kuɗin tara ki kawo ta nan, ki bari su faɗi me ya kamata a yi, ku fitar da dokoki kamar biyar a rubuta a kwali a manna a bango. Amma fa ki shirya, dokar za ta hau kanki. In an ce ba zagi to ke ma babu ce wa yaro daƙiƙi ko jaki, ranar da bakinki ya suɓuce ki ce ku yi haƙuri na karya doka, ba abin da zai ragu a jikinki.

Akwai shekarar da ba na mantawa, wani yaro da babansa ke da shago ya cika aljihu da alewa ranar zaɓe ya rarraba, ya kuwa ci da rata mai yawa. Da labari ya zo min raina ya ɓaci na so na soke zaɓen da kaina na zane shi, sai na daure na kai maganar gaban aji na ce ku me kuka gani. Aka yi ta musu, waɗanda suka sha alewa suna cewa ai kyauta ce, can wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce Malama ai sayen mu ya yi kamar awaki. Ajin ya yi shiru. Su da kansu suka ce a sake zaɓe kuma kar ya tsaya sai zango mai zuwa, ya tsaya ɗin a zango na gaba ba alewa, bai ci ba amma ya samu ƙuri'u masu dama. Duk lokacin da na ga ana raba taliya da atamfa ana gobe zaɓe maganar yarinyar nan nake tunawa.

TAMBAYA, daga wani uba a Funtuwa

Malama ni gaskiya ban gamsu da wannan abin da ake koya wa yara ba. Ɗana ɗan shekara 10 ya dawo daga makaranta wai shi ma yana da 'yancin a ji ra'ayinsa, mu da muka taso ko ido ba ma haɗawa da iyayenmu. Ita dimokuraɗiyyar nan ta Turawa me ta tsinana mana ban da 'yan jagaliya da sata? Ina tsoron a lalata mana tarbiyyar 'ya'ya su zama fitsararru.

AMSA

Malam na gode da ka fito fili ka faɗa, iyaye da yawa haka suke ji sai dai ba sa rubutowa. Kuma takaicinka a kan yadda ake siyasa a ƙasar nan ba zan musa maka ba, ni ma na ga ɗaliban da na koyar da hannuna sun koma bangar siyasa ana ba su ƙwaya da gora, abin yana ci min rai har yau.

Amma ina so mu raba ladabi da tsoro, don sau da yawa muna ganin yaro ya sunkuyar da kai mu ce mai ladabi ne alhali tsoro ne kawai, ka ba da baya ya zama wani mutum daban. Kuma jin ta bakin yaro ba daga Turai ya zo mana ba. Hadisi ne ingantacce a Buhari da Muslim, an kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, abin sha ya sha, a damansa akwai yaro a hagunsa dattawa, sai ya nemi iznin yaron ko zai bari a fara ba dattawan, yaron ya ce shi ba zai bar wa kowa rabonsa daga hannun Annabi ba, sai aka miƙa masa. Ka duba Malam, shugaban halitta ne ya nemi iznin yaro, yaron ya ce a'a, ba a tsawata masa ba, ba a ce ya yi fitsara ba. Hadisin da muke yawan karanta wa yara na cewa wanda bai girmama babba ba ba ya cikinmu, shi ne dai ya ce wanda bai tausaya wa ƙarami ba shi ma ba ya cikinmu, mu manya rabi ɗaya muka fi riƙewa. Shawara kuwa sura guda aka sa wa sunanta a Alƙur'ani, kuma a Ali Imrana aya ta 159 Annabi da kansa aka umarta ya shawarci sahabbai.

Ba cewa nake gidanka ya koma majalisa ba. Sallah, zuwa makaranta, shan magani, dawowa gida kafin magariba, waɗannan ba a kaɗa musu ƙuri'a, kai ne uba kai ke yankewa. Amma akwai abubuwa da yawa da ba za su rage ka da komai ba in ka tambaye shi, kalar yadin sallah, rabon aikin gida tsakaninsa da 'yan uwansa, ko in an kawo ƙararsa ka ce to kai me ya faru kafin ka ɗaga hannu. In ya faɗi nasa ka ga ba daidai ba ne ka ce na ji, amma ga abin da za a yi ga kuma dalili. Abin da za ka koya masa shi ne yadda ake faɗa: a gaida babba, a jira ya gama magana, a sassauta murya, kar a yi a gaban baƙi. In ya ɗaga maka murya ka hukunta ɗaga muryar, kar ka hukunta ra'ayin.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron da bai taɓa koyon cewa a'a cikin ladabi ba, shi ne gobe ɗan siyasa zai miƙa wa dubu biyu ya ce je ka fasa taron wane ya tafi, kuma shi ne in wani babba ya kira shi lungu da mugun nufi ba zai iya ƙi ba, ba kuma zai iya zuwa ya gaya maka ba saboda an saba masa babba ba ya laifi. Na ga irin wannan a aikina ba sau ɗaya ba, kuma kusan kullum yaran da ake yabo da shiru-shiru ne.

TAMBAYA, daga wata uwa a Kaduna

Anti don Allah ki ba ni shawara. An kira ni makarantar su yarona ɗan aji uku wai ya ce wa abokin zamansa arne kuma ya ce ba zai ƙara cin abinci da shi ba, yaron ya yi ta kuka. Na ji kunya sosai don maman yaron muna gaisawa. Na tambaye shi ya ce a unguwa ya ji. Dukansa zan yi ko ya zan yi?

AMSA

Ƙanwata kar ki dake shi, in kin dake shi abin da zai koya kawai shi ne kar ya faɗa a inda za a ji. Yaro ɗan shekara takwas bai ƙirƙiri kalmar nan ba, tsinta ya yi, kuma ki yi haƙuri da abin da zan ce, ki fara sa kunne a cikin gidanki kafin unguwa, me ake cewa in ana kallon labarai, me baƙi ke cewa a tsakar gida, wane suna ake kiran mai shagon da kuke sayen magani. Da yawanmu muna cewa nyamiri ko arne ba tare da mun ji komai ba, amma ranar da aka ce wa namu aboki da wata irin murya a Legas ko Fatakwal sai ranmu ya ɓaci, to zafin iri ɗaya ne. Suratul Hujurati aya ta 11 ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, aya ta 13 kuma ta ce an yi mu al'ummu da ƙabilu ne don mu san juna.

Ke 'yar Kaduna ce kin fi ni sanin yadda garin ya rabe tun rikicin shekarar 2000, Musulmi suka tattara a arewacin kogi Kirista a kudu, har aka samu yaran da suka girma ba su taɓa shiga gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Mu da muka taso ana aiko mana da shinkafar Kirsimeti mu aika da naman layya mun san maƙwabci da sunansa, su kuwa labarinsa kawai suke ji. Shi ya sa nake ganin benci ɗaya da ɗanki ke zama da yaron nan dukiya ce, kar ki bari a raba musu wajen zama a ce an kashe rigima.

Ki zaunar da shi ki tambaye shi me kalmar take nufi, za ki ga bai ma sani ba. Ki tambaye shi wa ke ara masa fensir, wa suke buga ƙwallo tare, ya ji da ya ga abokinsa na kuka. Sannan ki riƙe hannunsa ku je gidan su yaron da ɗan abin hannu, ki fara ba maman haƙuri a gabansa ya ga uwarsa ta yi, sannan shi ma ya bayar. In zai tambaye ki to addininmu ɗaya ne? ki gaya masa gaskiya, a'a ba ɗaya ba ne, mu ga abin da muka yi imani da shi su ga nasu, kuma ba a ce ka bar naka ba, an ce kar ka wulaƙanta mutum. Ko tsarin mulkin 1999 sashe na 38 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, don haka zama tare bai taɓa nufin a cakuɗa addini ba. Gawar Bayahude aka wuce da ita Annabi ya miƙe tsaye, da aka ce masa ai Bayahude ne ya ce ashe ba rai ba ne?

Yara labari ke kama su fiye da wa'azi. Ki ba shi labarin Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi ta jihar Filato, dattijon da a watan Yunin 2018 ya ɓoye mutum sama da 260 yawancinsu Kirista a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan har suka tafi. A garinku ma ga Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, da can kowa na jagorantar matasan ɓangarensa, Faston ya rasa hannu Imam ɗin ya rasa malaminsa da 'yan uwa a rikicin 1992, amma daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare a Kaduna.

Wata malama ta taɓa ce min ai kiran irin waɗannan sunaye wasa ne irin na taubasai, na ce a'a. Wasan Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarbawa, wanda a Nijar har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014, sharaɗinsa kowa na da bakin ramawa kuma a tashi ana dariya. In ɗaya na dariya ɗaya na kuka to ba wasa ake ba, kuma yaro ɗan aji uku zai gane wannan bambancin in an nuna masa.

TAMBAYA, daga wani malamin aji shida a Gusau

Hajiya na gwada zaɓen monita sai mace ta ci, yanzu mazan sun ce su mace ba za ta mulke su ba, har wani uba ya zo ya yi min ƙorafi. In sauke ta ne a zauna lafiya?

AMSA

Ɗana kar ka sauke ta. In ka sauke ta ka koya wa ajin gaba ɗaya cewa wanda ya faɗi zaɓe in ya iya tayar da hankali za a ba shi abin da ƙuri'a ta hana shi, ita kuma yarinyar da sauran 'yan matan ka gaya musu kar su ƙara ɗaga hannu. Ka tara mazan ka tambaye su, kun yarda da dokar zaɓen kafin a yi ko ba ku yarda ba? an ƙirga a gabanku ko ba a ƙirga ba? To su jira zango mai zuwa su fito da nasu. Shi kuma uban ka karɓe shi da mutunci ka ba shi kujera, ka nuna masa aikin monita raba littafi ne da tsara shara, kuma ka tuna masa a ƙasar da kuke zaune Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara ƙungiyar mata ta 'yan taru, tana naɗa jajis, wato jagororinsu mata, suna bi ƙauye-ƙauye suna karantarwa tun kafin Bature ya zo. Matan Arewa ba su samu jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan haka, kakannin yaran nan da yawa sun ga lokacin. In kana so ka sassauta abin ka sa wanda ya zo na biyu ya zama mataimakinta, amma kar ka bar ta ita kaɗai da su a satin farko, ka riƙa leƙowa lokacin tara don a nan ne za su gwada ta. Ka rubuto bayan hutu ka gaya min yadda ta kaya.